Hoto Uku, Waiwaye Ɗaya

Asabar, 4 ga Rajab, bayan sallar asuba

Wannan littafin na lissafin nutso ne. Yaya Faki ya saya mini shi in riƙa rubuta ranar da muka shiga ruwa, da zurfin da muka kai, da iskar da ta rage a tukunyar numfashi da muke goyawa a baya. Yau na juya shi ta baya. Da baƙin allo nake rubutu, don bokona kamar kaza ce ta taka tawada ta bi ta kan takarda.

Shekaranjiya aka tafi da shi asibiti a tsibirin Unguja a ƙaramin jirgin sama. A tsibirinmu babu ɗakin ƙarfen nan da ake kulle mai nutso a ciki idan ya taso sama da gudu iska ta ɓaci a jininsa. Matarsa Mwanaheri ta bi shi. Jiya ta bugo waya: yana numfashi da kansa, yana gane mutane. Ƙafafun ne ba sa amsawa.

Kowa a garinmu Utende tambaya ɗaya yake mini: kai kana ina? Mu biyu ne muka sauka, dole a tambaya. Ina cewa ina nan kusa da shi, na ɗan juya kai ne, ƙiftawar ido.

Ƙiftawar ido.

Lahadi, 5 ga Rajab, da hantsi

Gwaggo ta birkice madafa tana neman muciyarta. Ita ta haifi Faki, ita kuma ta raine ni bayan rasuwar ƙaninta, babana. Don haka ko allura ce ta ɓata a gidan nan ni ake fara kamawa.

"Jecha! Ɗan nema, ina ka kai mini muciya?"

"Haba Gwaggo, ni da ko koko ban iya damawa ba?"

"Ka iya sa wa akuyar ladan hula dai. Ka iya ɗinke wa Faki ƙafar wando ana gobe ɗaurin aurensa. Muciya ce za ta gagare ka?"

Ta fara dariya, tana kaiwa kan wandon sai dariyar ta juye mata. Ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gefen zane. Da wani guntun icen mangwaro ta tuƙa tuwon rana. Duk gudaji. Na cinye nawa tas, har na ce ya yi daɗi.

Na san inda muciyar take. Na kuma san abin da ke ƙarƙashin katifata.

Litinin, 6 ga Rajab, bayan azahar

Bari in rubuta shi sau ɗaya, in ga yadda yake a kan takarda.

A ƙarƙashin ruwa mutum ba shi da baki. In biyu suka sauka ɗaukar hoto, ɗaya na riƙe da kyamara, ɗaya na riƙe da ƙarfen kira. Ɗan sanda ne na ƙarfe, kamu ɗaya da rabi, da igiya a gindi. Ka ga abin ɗauka, ka ƙwanƙwasa tukunyar da ke bayanka da shi. Ka shiga uku, ka ƙwanƙwasa. Ƙarar na tafiya a ruwa fiye da muryar ladanmu a sarari, ko mutum na bayan dutse sai ya ji ta cikin haƙoransa.

Shekara uku ni ne mai ƙarfen. Ran Laraba da yamma Yaya Faki ya ce, "Ɗan pweza, gobe kai za ka riƙe kyamara, ni zan yi maka ɗan aike. In ka nutsar mini da ita, kai ma kada ka taso."

Pweza ita ce halittar tekun nan mai hannu takwas. Ni da shi taubasai ne, zagi shi ne gaisuwarmu. Na ce a raina, tunda ya koma ɗan aike sai a ba shi kayan aikin da ya dace da shi. Da safe na zare ƙarfen daga kubensa a jikin rigar nutso, na cusa muciyar Gwaggo, na ɗaura mata igiyar. Tun daga bakin gaɓa nake danne dariya. Ina ta hango idonsa cikin gilashi idan ya zaro ta a gaban kifaye.

Itace ba ya magana a ruwa. Ko wanda ya fara nutso jiya ya san haka.

Ƙarfen ne a ƙarƙashin katifata. Ban gaya wa kowa ba. Shi kam ya riga ya sani, tunda shi ya zaro ta. Abin da ban sani ba shi ne ko har yanzu ina da yaya.

Talata, 7 ga Rajab, da magariba

Na buga waya. Mwanaheri ta ce yana barci.

Laraba, 8 ga Rajab, da la'asar

Mzee Kombo, dattijon da ke tuƙa mana jirgi, na zaune a inuwar jirginsa yana toshe tsaga da auduga. Na so in wuce ta bayan bishiyoyin kwakwa, ya kira ni.

"Zo nan, sarkin dariya. Yau ba ka ɗaure mini takalmi da igiyar jirgi ba?"

"Ba ni da lafiya, Mzee."

"Duk garin ba mai lafiya."

Ya ɗan ɗaga buhun da ke gefensa. Muciyar tana nan a ƙasa, har da igiyarta.

"Da na jawo shi cikin jirgi tana hannunsa. Sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya-ɗaya. Kalli bakinta."

Bakin ya farfashe, kamar an yi ta dukan dutse da shi.

Na ce, "Ƙiftawar ido ce, Mzee."

Ya ci gaba da cusa audugarsa. "Shekara talatin aikina kallon kumfa. Kuna ƙasa, ina sama ina bin numfashinku. Ran nan kumfarku ta rabu biyu. Taka ta tsaya wuri ɗaya kamar an kafa ta. Na kunna sigari, na sha, na yar, tana nan ba ta gusa ba." Ya tofar da yawu. "Ban faɗa wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba. Kayan naka ne, wuyan ma naka ne."

Alhamis, 9 ga Rajab, da hantsi

Yau mako guda. Ban fita ba. Na kwanta ina tuna yadda na shiga aikin nan. Da iya shege na shiga.

Ina ɗan sha bakwai, ba abin da na iya sai bin mata kamun pweza idan ruwa ya janye, da izu goma sha biyu da Malam ya dasa mini da bulala. Wata rana na samu ƙatuwar pweza mai rai na zuba ta a jakar kayan Yaya Faki. Ya zura hannu a gaban baƙi huɗu, hannuwa takwas suka yi masa maraba. Ihun da ya yi har tsibirin Chole an ji. Hukuncina wata guda ina wanke rigunan nutso da ɗaukar tukwane. Sunan kuma ya bi ni.

A cikin watan ne ya lura ina ganin abin da mutane ba sa gani. In nuna masa kifi kwance a yashi, launinsa ɗaya da yashin, shi sai ya kai hanci kafin ya gane. Ya ce, "Idon ɓarawo gare ka. Bari mu sa shi aikin halal."

Shekarar farko ko igiyar kyamara bai bar ni na taɓa ba. Tsayuwa ya koya mini. Ka rataye a tsakiyar ruwa, ba ka sama ba ka ƙasa, da numfashi kaɗai kake hawa da sauka, ƙafarka ba ta tayar da yashi, hannunka ba ya taɓa murjani. Na motsa, ya ranƙwashe ni. Shekara ta biyu, robar bakin akwatin kyamara: ka ciro, ka goge, ka shafa mai, ka ɗaga ta a haske ka duba. Gashi ɗaya ya maƙale, teku ta shiga, shi ke nan kyamara ta zama gwangwani. Sannan fitila. Ya nuna mini yadda ruwa ke sace ja. A zurfin gaba goma ka yanke yatsa, jininka kore ne. Ka haska fitila sai duniya ta dawo da kayanta, dutsen da ka ɗauka ruwan toka ne ashe ja ne wur kamar an yanka rago a kai. Ran da na fara ganin haka na buɗe baki har bututun iska ya suɓuce, shi ya mayar mini yana girgiza kai.

Da doka guda, wadda yake faɗa kullum kafin mu faɗa ruwa, har Mzee Kombo na kwaikwayon muryarsa: hoto uku, waiwaye ɗaya. Ya ce kyamara mayya ce, ta ɗan ƙaramin rami take cinye mutum, ya manta da iskarsa, ya manta da ɗan'uwansa. Shekara uku ina bayansa, ban taɓa ƙirga walƙiya huɗu ban ga fuskarsa ta juyo ba. Ya ɗaga mini gira, in ɗaga masa, ya koma.

Juma'a, 10 ga Rajab, bayan an sauko daga masallaci

Liman ya sa an yi masa addu'a. A ƙofa mutane suka yi ta riƙe mini hannu: sannu Jecha, ka yi ƙoƙari, gara da kana wurin. Wani ya ce tsohuwar koma ce ta harɗe shi. Wani ya ce bututun iska ne ya toshe. Wani tsoho ya ce mutanen ruwa ne, kakansa ma a mashigar nan suka taɓa shi. Duk suka juyo gare ni in raba gardama. Na ce ban gani ba.

Wannan kam gaskiya ce.

Takalma sun fi ɗari a ƙofar masallaci, ba mai tsaro. Da a da ne, da an sha kallo. Na sa nawa na tafi.

Lahadi, 12 ga Rajab

Yana barci. Da rana tsaka.

Litinin, 13 ga Rajab, da yamma

Mwanaheri ta ce sau biyar ke nan ana sa shi a ɗakin ƙarfen. Babban yatsan hagu ya motsa, ko kuma idonta ne. Na ce, ya tambaye ni? Sai ta ce likita ya shigo.

Talata, 14 ga Rajab, da hantsi

Mai shagon nutson da muke wa aiki ya aiko in kawo kyamara, baƙi sun zo. Tun ran nan tana cikin akwatinta, ban buɗe ba. Na buɗe. Da na sani da na zare memorin kawai ban kunna ba.

Kifin nan ne da ake kira dokin ruwa. Ɗan mitsitsi, bai kai yatsana ba, rawaya, ya naɗe wutsiya a reshen murjani a zurfin gaba goma sha huɗu. Namiji, da ciki. Su haka Allah ya yi su, mijin ke ɗaukar ciki. Shekara tara Yaya Faki na neman ya ga haihuwarsu da idonsa, har Gwaggo na ce masa unguwarzomar kifi. Ni ran farko da na riƙe kyamara na tarar da shi yana naƙuda. Yana lanƙwashewa, yana miƙewa, 'ya'yan na fitowa kamar an hura ƙaiƙayi, kowanne da ɗan kansa na doki, da ɗan idonsa.

Ban taɓa ganin hoto irin wannan ba, ko a littattafan da baƙi ke bar mana.

Kyamarar tana rubuta lokaci a gindin kowane hoto. Wannan ban tuna da shi ba. Na farko, ƙarfe goma da minti arba'in da ɗaya. Na ƙarshe, goma da hamsin da biyar. Hoto sittin da takwas.

Na zauna ina neman waiwayen da na yi a tsakani. Dole akwai. Ina ta nema.

Na zare memorin na cusa a kuben layata.

Laraba, 15 ga Rajab

Na daina cewa ƙiftawar ido. Yanzu in an tambaya sai in ce Allah ya kiyaye gaba.

Alhamis, 16 ga Rajab, da la'asar

Mai shago ya matsa, na sauka da wata baƙuwa da mijinta, suna son hoto da kunkuru. Kunkurun ya zo, ya zauna, ya yi duk abin da ake so kamar an biya shi. Ni kuwa numfashi ɗaya waiwaye ɗaya. Ina matar? Ina mijin? Ina matar? Muka taso da hoto huɗu, biyu yashi ne zalla, ɗaya wutsiya. A jirgi mijin ya dinga kwaikwayona, yana juya kai kamar kazar da ta ga shaho, matar na ƙyaƙyatawa. Bai ma iya ba. Da ni ne na ga wani yana haka, da sai an riƙe ciki.

Mzee Kombo bai yi dariya ba. Ya ja inji.

Asabar, 18 ga Rajab, bayan azahar

Akwai abin da ban rubuta ba.

Da na juyo daga ƙarshe, ba dubansa na juyo yi ba. Kiransa na juyo yi, ya zo ya ga abin da na samo masa. Babu kowa. Shuɗin ruwa ne kawai har inda ido ya ƙare. Na ce lallai ya ga muciya, ya ɓuya a bayan dutse zai rama. Na zaga dutsen ina dariya cikin bututu. Na duba minti guda kamar yadda aka koya mana, na kama hanyar sama a hankali. A gaba uku na tsaya minti ukun da ake tsayawa don jini ya huce. Ina rataye a wurin, ina kallon hotunana, ina shirya baƙar maganar da zan gaya masa.

Da kaina ya fito sai na ji Mzee Kombo yana kiran sunan Allah.

Litinin, 20 ga Rajab, bayan magariba

Sun dawo. A kan kujera aka shigo da shi, mutum biyu na ɗauke. Gida ya cika, Gwaggo ta dafa shinkafa da kwakwa tukunya biyu. Ya rame, gemu ya fito masa, amma bakin na nan. Ya ce wa ladan, "Malam, har Unguja ina jin kiranka. Shi ya hana ni mutuwa, barci ma ba ka barin mutum ya yi balle wannan." Ya ce wa Mzee Kombo, "Tsoho, an ce kai kaɗai ka jawo ni. Ashe da sauran ƙarfi, a je a yi wa uwargida albishir." Ana dariya ana share hawaye.

Na matso na durƙusa. Na shirya. Na ce ko me ya kira ni a gaban mutanen nan zan amsa.

Ya dube ni ya ce, "Sannu, Jecha. Ya gida?"

Tun ina ɗan shekara shida bai taɓa gaishe ni babu zagi ba. Na ce lafiya lau. Ya juya ga na bayana.

Talata, 21 ga Rajab

Na ɗebo ruwa, na faskara ice, na faɗaɗa ƙofar bayan gida yadda kujera za ta shiga. Ɗakinsa ban shiga ba.

Laraba, 22 ga Rajab, da hantsi

Mwanaheri ta same ni a bakin ƙofarsa ina riƙe da buta. Shemeji take kirana, wato ƙanin miji.

"Shemeji, ko ka shiga ko ka tafi. Kwana biyu kana tsaye a nan kamar jakin da mai shi ya manta."

"Ai yana barci."

Ta zuba mini ido. "Sau nawa na ce maka yana barci? Idonsa biyu duk lokacin, shi ke girgiza mini kai. Ban san me ke tsakaninku ba, bai faɗa ba, ni ma na gaji da tambaya. Ni ke juya shi, ni ke wanke shi. Ba zan ɗora naku a kan nawa ba."

Ta karɓe butar ta shige.

Alhamis, 23 ga Rajab, bayan azahar

Na shiga. Yana kwance, fuska ga taga. Na ajiye ƙarfen a kan zanin gado kusa da hannunsa. Na faɗa masa duka, yadda na zare, yadda na cusa, yadda nake danne dariya. Ina magana ina kallon tabarma.

Ya ɗauki ƙarfen ya jujjuya shi.

"Wannan ne ya hana ka shigowa?"

"Yaya, da shi ne a hannunka da na ji."

"Tun a jirgi na gan ta. Muciya kamu uku a kuben kamu ɗaya da rabi, makaho ne ni? Na ce bari in ƙyale shi ya ji daɗinsa, in mun sauka in zungure shi da ita a gindi. Akwai wani ƙarfen a akwatin Mzee, ban ɗauka ba. Wannan wautar tamu ce mu biyu, raba ta za mu yi."

Wallahi sai na ji kamar an sauke mini tukunya daga baya. Har na ɗago kai. Har na kusa murmushi, Allah ya yafe mini.

Ya ce, "Ina memorin?"

Na kwance layata. Mwanaheri ta ɗora masa tsohuwar kwamfutarsa a ƙirji, ta fita ta saki labule. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. A na arba'in da ɗaya ya daɗe. Uban ya lanƙwashe, 'ya'ya bakwai a cikin haske, ɗaya bai gama fita ba.

"Fitilar hagu ta ɗan yi yawa," ya ce. Can kuma, "A'a. Ba ta yi ba. Daidai ne." Ya share ido da bayan hannu. "Ka fi ni hannu, ka sani? Shekara tara."

Ya rufe kwamfutar.

"Ina bayanka. Kamar daga nan zuwa mangwaron can. Ina ganin walƙiyarka. Na ƙirga uku na ce yanzu zai juyo. Shida, na ce ya ɗan shagala ne, ran farko ce. Tara. Ina dukan tukunya da muciyar uwata kamar mahaukaci, ina ce wa raina ba komai, ni na koya masa, yanzu zai juyo. A goma sha takwas na daina ƙirga."

Na ce, "Me ya faru, Yaya? Me ya same ka a can?"

"Da ka waiwaya da ka gani."

Sai ya ce in tafi. Ya ce ba ya fushi, ya nemi fushin ya rasa, da shi ne ma da ya fi sauƙi. Amma kada in ƙara shiga ɗakin sai ya aiko. Memorin na wurinsa.

Juma'a, 24 ga Rajab, da safe

Bangon gidanmu ba ya riƙe magana. Gwaggo ta ji komai. Na tarar da ita tana kankarar kwakwa, na durƙusa na ce ga ni.

Ba ta ɗago ba. "Da wane hannu zan mare ka? Duk biyun sun yi muku wanka." Ta ci gaba da kankara, ta kankare har ta kai ɓawo tana yi. "Shayinka na can yana hucewa. Kada kuma ka dawo mini da muciyar nan."

Asabar, 25 ga Rajab

Bai aiko ba.

Litinin, 27 ga Rajab, da yamma

Na koma kwana a shago, kan tarin rigunan nutso. Gidan ya yi ƙanƙanta, ko tari ya yi ina ji. Mai shago ya ce in zaɓa, kyamara ko ɗaukar tukwane. Na zaɓi tukwane.

Bai aiko ba.

Laraba, 29 ga Rajab, da hantsi

Na tambayi Mzee Kombo muciyar. Ya ce ya dafa shayi da ita tun makon jiya. "Itace mai kyau, ba hayaƙi." Ya miƙo mini rabin gasasshen rogonsa. "Ci. Ka rame kamar kai aka kai Unguja."

Na haɗu da Mwanaheri a rijiya. Ta ce kullum sai ya sa ta ɗora masa kwamfuta. Hoto ɗaya yake buɗewa, ya yi ta kallo, ya rufe, ya juya ga bango. Ban tambaye ta wanne ba.

Lahadi, 3 ga Sha'aban

Na ga wata ƙaguwa mai kyau, daidai aljihun Mzee. Na bar ta ta wuce.

Bai aiko ba.

Talata, 5 ga Sha'aban, bayan azahar

Mwanaheri ta zo shago da hantsi. Likitan Unguja ya ce a riƙa sa shi a ruwa, ruwa na ɗauke nauyi, ko ƙafafun za su tuna aikinsu. 'Yan'uwanta biyu sun gwada jiya. Manoma ne, igiyar ruwa na taɓa su suka yi tangaɗi, ya sha ruwan gishiri.

"Ya ce in kira ka. Ya kuma ce in faɗa maka yadda ya faɗa: ba don komai ba ne, kai ne ka iya tsayuwa a ruwa."

Na goya shi daga ƙofar gida har gaɓa. Bai kai nauyin tukunya biyu ba yanzu. Ƙafafunsa na reto suna bugun cinyata. Mata masu kamun pweza suka ba mu hanya, ba wadda ta tsokane ni, su da ba na wucewa sai sun jefo.

Na shiga har ruwa ya kawo mini ƙirji. Na kwantar da shi rigingine, hannu ɗaya a ƙeyarsa, ɗaya a ƙugu. Na kafa ƙafa, na daidaita numfashi. Ya rufe ido. Na ga fuskarsa ta saki, karon farko tun da ya dawo. Ƙananan kifaye suka taru suna tsattsagar yatsun ƙafarsa. Bai sani ba.

Na ce, "Yaya."

Na sake gwadawa.

"Yaya, ko ba yau ba. Ko bayan shekara ne, ko..."

"Riƙe ni dai, Jecha." Bai buɗe ido ba. "Shi kaɗai na ce ka yi."

Na riƙe shi har ruwa ya fara dawowa.